Irin Gyaɗar Hajo

Bayan Hajo ta fita takaba, ɗakin marigayi mijinta ya zauna ba kowa, sai ƙaninsa Bappa ya kawo mata ɗan haya, wani saurayi Muzammil mai sayar da maganin feshi a kasuwar Ajingi. To, baligi ba ya ratsa tsakar gidan mata, wannan ko yaro ya sani. Saboda haka aka kira magini ya toshe ƙofar ciki da bulo, ya fasa wata mai kallon titi. Kowa ya ce an yi dabara.

Ɗakin nan ne kaɗai mai daɓen siminti a gidan, gara ba ta taɓa kayan da ke cikinsa. Shi ya sa da kaka ta yi, Hajo ta roƙi Muzammil ya bar mata kusurwa ta jingine buhunan irin gyaɗarta. Iri ne da ta zauna ta tsince da hannunta, kuma a kansa cin gidan na baɗi ya dogara.

Muzammil ya shiga jera jarkokinsa a bakin ƙofa yana ɗan ciniki. Wata ranar kasuwa masu karɓar haraji suka biyo layin, suka ga ƙofa a titi da kaya a gabanta, suka ce wannan shago ne, sai an biya haraji. Gogan naka ya ce zai je Kano ya dawo, ya garƙame kwaɗonsa, ya kashe waya. Da mutanen suka dawo ba su gan shi ba, sai suka ɗora nasu kwaɗon a kan nasa.

Ruwan farko ya zo da iska, ya yaye kwano ɗaya daga rufin ɗakin. Da gari ya waye Hajo ta nufi ofishin masu harajin.

"Iya, kwaɗonmu ba matsala ba ne," in ji ma'aikacin. "Amma akwai na ɗan haya. Ɗaki yana hannunsa, sai kotu ta ba da izini."

A kotu magatakarda ya saurare ta da ladabi, ya ce sai an kai wa Muzammil sammaci.

"Ranka ya daɗe, ina zan gan shi?"

"In ba a gan shi ba, a liƙa a ƙofa a jira wa'adi ya cika. Ina takardar yarjejeniyarku?"

Wace takarda? Bappa ne ya tsaya, aka yi fatiha, aka watse.

Ta dawo ta ce wa Bappa ya ɗauko diga su fasa bulon ciki, ai gidanta ne. Bappa ya sunkuyar da kai.

"Yaya, kayan mutum na ciki. In ya dawo ya ce an kwashe masa, ni da ke za a kama. Ki yi haƙuri."

Haƙurin ta yi, don ba ta da wani abin yi. Bappa ya hau ya ɗaura leda a rufin, iska ta sake ɗauke ta. Maƙwabta suka yi shuka, suka yi noman farko. Duk sanda hadari ya haɗo, sai ta je jikin bangon ta tsaya tana jin ruwa na zuba ciki, hawaye na zubo mata. Gyaɗarta tana bayan bulon da ita da kanta ta sa aka gina.

Da aka liƙa sammacin, wa'adi ya cika, izini ya fito, aka ɓalle kwaɗunan gaban mai unguwa. Warin ruma ya tarbe su. Buhunan sun kumbura sun fashe, gyaɗar ta tsiro a cikinsu, fararen tsiro dogaye sun miƙe wajen hujin rufi, na ƙasa kuma sun ruɓe.

Hajo ta durƙusa tana tono waɗanda ba su lalace ba tana zubawa a bakin zaninta. Ba su cika tafin hannu ba.