Ramin Tako na Gidan Karimata

Ni ne Karimata Genzo, shekarata tamanin da huɗu, kuma duk tsibirin nan babu wanda ya kai ni sanin ruwa. Makaranta kam ta bakin ƙofarta kawai na wuce. Yunwar bayan yaƙi ta ɗauke yayyena biyu ta bar ni. Guguwa ta kifar da kwalekwalena sau uku, wani ƙaton kifi ya ɗanɗana cinyata ya tofar. Na faɗi wannan ne don ku san ba ƙaramin mutum yarinyar nan ta kayar ba.

Dokta Nagahama Chiharu ake kiranta, masaniyar halittun teku. Shekara uku tana zuwa gaɓarmu ta arewa. Sai ta ajiye wani ƙarfe mai kusurwa huɗu a kan ciyawar ƙarƙashin ruwa, ta nutsa, ta ƙirga ganyen ciki, ta rubuta a allo.

Na ce, "Dokta, mu akuya muke kai wa ciyawa. Ke ƙirga ta kike yi?"

Ta ce, "Kaka, ita ke gaya mini lafiyar teku."

"Ki tambaye ni mana, na fi allon nan sauri."

Bara wani kamfani ya zo zai cike rabin gaɓar da ƙasa, ya gina tashar jiragen 'yan shaƙatawa. Abu ɗaya zai tsayar da su, a nuna wa hukuma shaidar cewa ayu yana kiwo a ruwan, domin doka ta hana a taɓa makiyayarsa. Dokta ta yi wata biyu tana nema, ba ta ga ko alama ba, ga zaman hukuma ranar Juma'a. Ran Talata na same ta a bakin gaɓa, leɓɓanta duk sun tsage da gishiri, curin shinkafarta a hannu ta kasa ci.

Ni kuwa na sani. In ayu ya yi kiwo yakan bar layi fari a cikin ciyawa, kamar an ja fartanya. Na ga irin wannan layin tun bazara, amma a gefen ramin takon gidanmu. Tako shi ne dabbar tekun nan mai hannu takwas da muke kamawa mu ci, kuma kowane gida da raminsa a cikin duwatsun murjani. Uba ba ya nuna shi sai ya ji mutuwa kusa, kuma ɗa guda yake nuna wa, ko mata ba ta sani. Maƙwabcina Seitoku ya yi shekara sittin yana bin bayana bai gano namu ba. Kuma ramin yana can nesa da inda za a zuba ƙasa, in na yi shiru ba abin da zan rasa.

Matata Tsuru ce ta hana ni sakat. "Ɗanka yana Osaka yana tuƙa tasi, ko iyo bai iya ba. Wa za ka bar wa ramin? Ko kabari za ka tafi da shi, tsohon banza?"

Sai na yi dabara irin ta masu kai. Ran Laraba da safe, ruwa ya janye, na ce wa Dokta ta shiga kwalekwale. Na ɗaure mata ido da tawul.

"Kaka, sace ni za ka yi?"

"Wa zai saci mai ƙirgar ciyawa? Zauna ki yi shiru."

Na kewaya da ita sau uku don kanta ya juya. Sannan na daidaita ƙaton dutsen bakin gaɓa da kan tsauni, kamar yadda ubana ya koya mini, na saki anga. Ta nutsa da na'urar hotonta. Ta daɗe, har na fara tunanin bin ta. Da ta taso sai ga ta tana kuka tana dariya, wai layi bakwai, sababbi, har da kashin ayu.

Ina cikin gaya mata irin hikimata, sai ta miƙo mini hannunta. Wani abu kamar agogo ne a wuyan hannun.

"Kaka, ka yi haƙuri. Wannan yana rubuta duk inda na nutsa. Sai yanzu na gane dalilin tawul ɗin."

Kunnuwana suka yi zafi. Ni Genzo, agogo ya ci ni!

Ta ce, "Zan iya gogewa a gabanka yanzu. Amma hoto in babu wuri, za su ce a wata ƙasa na ɗauko shi. Raminka ne, kai za ka faɗa."

Ta ɗora yatsa a kan abin tana jira. Na leƙa ruwan. Ga bakin ramin can, da ɓawon kaguwa a ƙofarsa, yadda na fara ganinsa ranar da ubana ya kawo ni yana tari.

Na ce, "Ɗauke hannunki. Amma a takardar ki sa sunan ubana, Karimata Kame. Shi ya fara sanin wurin, ba agogonki ba."

Ta sunkuya har goshinta ya taɓa katakon kwalekwale.

Hukuma ta dakatar da aikin, a ci gaba da bincike. Aka kewaye wurin da alamomi masu iyo, aka hana kamun kifi da tako a ciki, har da ni. Seitoku ya tare ni a gaɓa yana dariya har haƙoran robarsa na motsi.

"Ashe nan ne! Sau ɗari na wuce ta kansa!"

"To ga shi ka sani, je ka kamo mu gani."

Yanzu duk wata ni ke kai Dokta, ba tawul. Tana ƙirgar ciyawarta, ni ina leƙen ramina. Takon ciki ya yi ƙibar da ban taɓa gani ba, kuma babu mai taɓa shi. Ayun dai har yau ko ita ba ta gan shi da ido ba. In zai fito, ni zai fara fito wa.