Bunsurun Juniper

Juniper, goɗiyar sukuwa, tana ta gudu, amma ba ta zuwa ko'ina. Wani faffaɗan bel ne ke zamewa a ƙarƙashin kofatanta, fanka tana kaɗa mata geza, ga wayoyi manne a ƙirjinta. Lorene Tackett, mai horar da ita, ta jingina da ƙarfe tana kallo har ɗakin gwajin ya narke a idonta. Sai ga goɗiyar a filin sukuwar Lexington da sanyin safiya, raɓa ba ta tashi ba, kowane tsalle da numfashinsa guda, tururi yana bin bayanta.

Dokta Osgood, likitan dawakai, ya kashe na'urar. Aka jira, aka jira, ana kallon allon da ke nuna bugun zuciyar Juniper.

"Madam Tackett, zuciyar ta ƙi sauka," in ji shi. "Doki mai lafiya, da ya tsaya bugun yake faɗowa. In na rubuta haka, mai ita zai cire ta daga sukuwa, ya kai ta gona ta yi ta haihuwa."

Lorene ta dubi Juniper. A hannunta goɗiyar nan ta fara sanin sirdi.

Dokta ya daina kallon allo, ya kalli Juniper. Kunnuwanta duka biyu suna wajen ƙofa.

"Wa take nema?"

"Sanata."

"Wane sanatan kuma?"

"Bunsurunta. Tare suke kwana. Na bar shi a mota. Na ga ɗakin naku fes, sai na ji kunya."

"Kunyar bunsuru ce za ta sa in yi wa baiwar Allah ritaya? Shigo mana da mai girma."

Warinsa ya riga shi shigowa. Sanata ya wuce kowa yana tauna, ya shige ƙarƙashin cikin Juniper. Ta sunkuyar da kai, ta sauke dogon numfashi a bayansa.

Da ta huta aka sake kunna bel, bunsurun yana ɗaure inda take ganinsa. Layin da ke kan allo ya hau kamar tudu. Da aka tsaya, ya gangaro a hankali, ya kwanta.

"Lafiyarta ƙalau, za ta yi sukuwa," in ji Dokta. "Amma ki gaya wa mai girma ya sakar mini riga."

Lorene ba ta ji shi ba. Ta riga ta koma filin nan mai raɓa, Juniper tana nisa, tana ƙara nisa.