Gonar da Wanzami Ya Dawo Karɓa

Shekara ashirin da bakwai Mufaddal ya yi yana aske kawunan mutanen birnin Titwan, sai da hannunsa ya fara rawa har ya yanki wani tsohon alƙali a kunne, sannan ya tuna yana da gonar gado a kan dutse. Ya sayar da kujera da madubi, ya hau motar Katama, ya sauka ƙauyensu da jaka ɗaya da takalmi mai sheƙi. Ya tarar da gonar nan fes, an gyara mata katangar dutse, an zuba mata taki, domin tun rasuwar mahaifinsa ɗan baffansa Ayashi ke noma ta, kuma ko a mafarki Ayashi bai yi niyyar saki ba.

Dattawa suka zauna bayan sallar Juma'a. Kowa ya san gonar ta Mufaddal ce, amma kowa da injin Ayashi yake ban-ruwa, don haka aka nemo hukuncin da ba zai ɓata wa mai inji rai ba. Aka ce bana Mufaddal ya noma da hannunsa. In ya fitar da amfani, gona tasa ce, a sa sunansa a takardar izinin noma ta ƙungiyar manoma. In ya kasa, ta zauna a hannun wanda ya iya.

Ayashi ya rungume shi a gaban jama'a har yana bubbuga masa baya. "Wanzami, ai ɗan'uwa ba ya kunyata a gabana," in ji shi. "Ruwa dai ko? Kullum da safe zan jona maka tiyo, ko sisi ba na so."

Aka yi ta sa masa albarka. A garin da ake fasa wa juna kai saboda ruwan rabin yini, ga mutum yana bayarwa kyauta. Mufaddal kansa sai da ya ji kunyar zargin da ya riƙo tun daga mota.

Ya sayi irin kif, wato tabar wiwi, na gida wanda kakanni suka saba shukawa, don shi ne mai araha. Ayashi kuwa ya daɗe da barin wannan. Irin waje yake shukawa, mai fitar da shuka mata zalla, a manyan gonakinsa da ke ƙasan ta Mufaddal, kuma wani kamfanin magani ke kwashewa, da sharaɗin furen ya zo ba ƙwaya ko ɗaya.

Kwana tara tsiro ya fito, kore shar, ganye bibbiyu. Mufaddal ya tsuguna yana kallonsu har gwiwa ta sage. Bai taɓa haihuwa ba, matarsa ta rasu tun da jimawa, sai ga shi yana yi wa ganye magana. Kowace safiya kuwa tiyon Ayashi na nan yana kwarara, har ƙasar ta riƙa sheƙi.

A mako na uku ganyen ya fara rawaya. Bayan kwana biyu sai tsiron ya riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, gindinsa ya sirance ya yi baƙi kamar zaren da aka jiƙa. Mufaddal ya tumɓuko guda biyar, ya naɗe a hankici, ya kai teburin mai shayi inda maza ke zama, ya baje.

Wani ya ce tsutsa ce. Wani ya ce ya barbaɗa toka. Wani ya ce baki ne, ya nemi malami. Mai shayin ya ce wataƙila tsiron ya ga takalminsa ne ya suma, aka kwashe da dariya. Dukkansu a cikin kif aka haife su, kallo ɗaya suka yi wa gindin nan suka san abin da ke ciki, amma kowa ya saci kallon Ayashi ya mayar da ido kan kofinsa.

Ayashi ya ɗaga tsiro ɗaya, ya juya shi, ya girgiza kai. "Ƙishi ne, Wanzami. Ba ka ga ya langwaɓe ba? Kai ma in ka ji ƙishi ai haka kake yi. Daga gobe safe da yamma zan sakar maka."

"Allah ya bar zumunci, Yaya," in ji Mufaddal, da zuciya ɗaya.

Aka ƙara ruwa, mutuwa ta ƙaru. Ya zuba toka, ya zuba takin zamani har ya ƙone gefen ganyen da ya rage, ya kafa wa wasu tsinke suna jingina. Cikin kwana goma rabin gonar ya zama taɓo mai wari.

A nan wata tsohuwa mai suna Mannana ta same shi. Shekara hamsin ta yi tana cirar ciyawa a gonakin mutane, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki mata biyu, kuma tana da ɗan fegi can ƙasa, jikin gonar Ayashi. Ta biyo hanya da damin itace a baya, ta gan shi tsaye cikin taɓo da tiyo a hannu, sai ta sauke kayanta.

"Kai ɗan Fattuma, shinkafa kake nomawa?"

"Kif ne, Gwaggo. Ƙishi ke kashe shi."

Ta sunkuya ta cusa yatsa cikin ƙasa, ta zaro, ta shafa masa a gaban riga. Sannan ta tumɓuko tsiro ɗaya ta kai masa hanci. "Sansana. Ruɓa ce wannan. Irin gida da ruwan sama ya saba, ubanka bai taɓa ɗaukar masa ko guga ɗaya ba. Jariri ne, saiwarsa ba ta kai farcenka ba, ka danna kansa cikin ruwa safe da yamma. Wane maƙiyin ne ya ce ka yi haka?"

Mufaddal ya dubi tiyon da ke hannunsa.

"To, na gane," in ji ta. "Wata guda ina wucewa ta nan, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba. Ka tafi wurin masu shan shayi. Su wa ka ga suna tsugunawa a gindin tsiro a garin nan, mazan ko mu?"

Ta gaya masa abin yi a tsaye, ba ta ko zauna ba. Ya cire tiyon, ya bar ƙasa ta sha iska, ya kwashe wanda ya ruɓe ya watsar nesa, ya sake shuka ko da an makara, kada kuma ya ba da ruwa sai ya cusa yatsa ya ji bushewa. Ta ɗauki itacenta ta ƙara da cewa, "Kada ka ce ni na faɗa maka. Ni ma bana irin wajen na shuka, kuma injinsa nake sha."

Da ta tafi ya daɗe a tsaye. Abin da ya fi ƙona masa rai ba tsiron ba ne, godiyar da ya yi ta yi ce. Ya tuna ranar da ya kai wa Ayashi zuma har gida, ya tuna yadda ya aske masa gemu kyauta da wannan hannun mai rawa, yana lallaɓawa kada ya yanke shi. Ya ji ƙiyayya ta cika masa ciki, irin wadda bai taɓa yi wa kowa ba, kuma bai yi ƙoƙarin korar ta ba.

Bai yi faɗa ba. Wanda ya shekara ashirin da bakwai yana sauraron mutane da aska a wuyansu ya iya riƙe fuska. Washegari ya karɓi tiyo da godiya kamar kullum, ya karkatar da bakinsa cikin kwazazzabo ta bayan katanga. Ya sake shuka. Wannan karon tsiron ya fito gajere, mai kauri, ya tsaya da ƙafarsa. Ko da Ayashi ya gane an daina jiƙa gonar, shuka ta kai gwiwa. Ya zo ya tsaya bakin katanga, ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya naɗe tiyonsa ya tafi.

Da a ce nan Mufaddal ya tsaya, ai ya ci riba, domin gonar ta riga ta zama tasa sai dai jiran girbi. Amma riba ba ta ishe shi ba, so yake Ayashi ya ji a jikinsa.

Da shuka ta kai ƙirji sai ta fara rabuwa, mata suka fito da farin gashi siriri, maza da ƙananan ƙulli masu lilo. A wurin shayi ya ji ana cewa lokacin cire maza ya yi, har Ayashi na faɗa da ƙarfi cewa namiji ɗaya in ya buɗe ya isa ya cika gona da ƙwaya. Irin gida kan yi fure da wuri, ya gama kafin na waje ya fara, shi ya sa ba wanda ya damu da gonar wanzami. An manta cewa shi sau biyu ya shuka, kuma a makare. Furensa da na Ayashi tare za su buɗe, kuma kowace la'asar iska daga kan dutse take gangarowa.

Ya cire mazan da ke bakin hanya, inda ido ke gani, ya tara su a fili. Na can ƙurya kuwa, jikin katangar da ke kallon gonar Ayashi, wajen guda arba'in, ya bar su. Su ya fi ba taki.

Mannana ce ta gano. Ta hauro da rana tsaka tana haki, ta ratsa cikin shukar kai tsaye, ta kama ɗaya ta girgiza. Bai buɗe ba tukuna.

"Ɗan Fattuma, waɗannan fa?"

"Ban lura da su ba, Gwaggo."

"Ƙarya kake, ga taki a gindinsu." Ta dube shi ido cikin ido. "Na san abin da ya yi maka, ban ce ka yafe ba. Amma iska ba ta san iyakar gona ba. Fegina na ƙasan nasa, shi ne abincin yaran nan na shekara. Kwana uku ya rage su buɗe. Kawo lauje mu sare yanzu, ni zan taya ka."

"Bayana ke ciwo yau. Gobe in Allah ya kai mu."

"Gobe?"

"Gobe, Gwaggo. Na yi alkawari."

Washegari da safe ya ɗauki lauje, ya je har gindinsu. Daga nan ana hango gonar Ayashi shimfiɗe, kore har ƙasan kwari, da shi Ayashin a tsakiya cikin farar hula yana nuna wa ma'aikata wuri da sanda. Can gefe ga ɗan fegin Mannana, bai fi shimfiɗar tabarma ashirin ba. Mufaddal ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ce wa kansa fegin ƙarami ne, wataƙila iska ta tsallake shi. Ya san ƙarya yake yi wa kansa. Ya rataye laujen a kafaɗa ya koma gida.

Ranar da suka buɗe yana zaune a kan katanga. Iskar la'asar ta taso, ya ga garin furen nan rawaya-rawaya yana tashi yana gangarawa, har yana sauka a hannun rigarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa da hannunsa mai rawa. Daɗin da ya ji ranar bai taɓa jin irinsa ba. Kwana shida ya yi yana haka, sannan ya sare su ya ƙone.

Bayan wata guda aka jiyo ihun Ayashi daga kwari. Duk furen da ya murza sai ƙwaya ta zubo masa a tafin hannu. Mutumin kamfani ya zo, ya murza uku, ya goge hannu, ya koma motarsa. Ayashi ya hauro da gudu ba hula, ya tarar da wanzami na ɗaure damin girbinsa.

"Kai ne! Wallahi kai ne, munafuki!"

"Ni kuma, Yaya? Duba gonar, in ka ga namiji ɗaya ka sare ni da shi." Mufaddal ya ja igiya ya ƙulle. "Ko dai ƙishi ne ya kama su?"

Ayashi ya ɗaga hannu, ya ga mutane sun taru a hanya, ya sauke. Kai ƙara na nufin a tono zancen tiyo, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya san zancen. Ya juya ya gangara, yana tuntuɓe da duwatsu.

Ranar Juma'a dattawa suka hau suka ga dami a jere, suka ce gona ta Mufaddal ce. Aka rubuta sunansa, aka shafa fatiha.

Da yamma ya ɗora rabin girbinsa a kan alfadarin maƙwabci, ya gangara fegin Mannana. Ya same ta da jikokinta suna sare shukar suna tarawa gefe, ƙwaya na zuba a kan zanensu. Ya yi sallama, yaran suka amsa, ita ba ta ɗago ba.

"Gwaggo, ga wannan. Rabin nawa ne, ki karɓa."

Ta ci gaba da sara har ta kai ƙarshen layi, sannan ta miƙe tana dafe da ƙugu. Ta dubi kayan, ta dube shi.

"Kai wa ɗan baffanka, jininku ɗaya," in ji ta. "Shi ya kashe naka yana rungumarka, kai ka kashe nawa kana ce mini gobe. Shi ko banza ban taɓa yi masa alheri ba, kai kuwa na yi maka."

Ta ce wa yaran su kama layi na gaba. Mufaddal ya tsaya riƙe da igiyar alfadari har rana ta faɗa bayan dutse, ba wadda ta sake duban inda yake, sannan ya ja dabbar ya hau da kayansa.