Gemun Kofi

Jaka ɗaya, rigar sanyi, takalman aiki, takardar kammala karatu da ba wanda ya nemi ya gani, cakulan na Kawu Vern, da aska cikin kubenta na fata. Abin da na taho da shi ke nan daga Jamus. Askar tsarabar Baba ce. Tun ina yaro na san shi da aski kowace safiya, tsaye gaban madubin kicin, sai na ga babu abin da ya fi dacewa da shi.

Kawu Vern, ƙanen mahaifiyata, shi ya ɗauke ni a filin jirgin saman birnin Duluth da tsohuwar akori-kurarsa. Muka miƙa arewa. Ƙarshen Afrilu ne, dusar ƙanƙara ta narke sai ragowa mai datti a gefen titi. Tsibi-tsibin jar ƙasa na ramukan haƙar ƙarfe suna nan yadda na bar su.

"Yaya jikin nasa?" na ce.

"Jiki da sauƙi. Kan ne babu sauƙi."

"Me likita ta ce?"

"Ciwon daji ne a wuya, irin wanda ake cin ƙarfinsa in an fara da wuri. Tun kwanaki ta ce a fara ƙarin ruwan magani. Ubanka ya ce sai ya gama wani aiki."

"Wane aiki? Ai ya yi ritaya."

"Za ka gani a fuskarsa."

Ya koma zancen da ya fi so, gasar ƙwallon kwando ta kwalejoji da aka gama a farkon watan. Wai yaran wata ƙaramar kwaleji, waɗanda ko ɗakin wasan kirki ba su da shi, sun kori manyan da kowa ya ba kofi tun kafin a fara.

"Da Donna na nan da ta karya mana kujera don tsalle," ya ce.

Donna ita ce mahaifiyata. Daji ne ya ɗauke ta, shekara guda kafin in tafi karatu. Ita da ƙanenta 'yan kwando ne. Baba kuwa, Reino Lahti, ɗan hoki ne, wasan da ake buga faifai da sanda a kan ƙanƙara, tun bai iya ɗaure takalmin ƙanƙara da kansa ba.

Muka same shi a bakin ƙofa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Farin gemu ya rufe masa haɓa, wani wurin da kauri, wani wurin tsilli-tsilli. Na ɗauka rashin lafiya ce ta sa ya bar shi.

"Ka iso, Arne," ya ce. "Goge ƙafa."

Ya ɗumama mana pasti, burodin nan mai cike da nama da dankali da mahaƙa ke shiga rami da shi. Da muka gama ci na ba Kawu cakulansa, na tura wa Baba kuben. Ya buɗe, ya zaro askar, ya duba bakinta a hasken taga. Ya ajiye ta a tebur a hankali. Kawu Vern ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Wane wata muke ciki?" Baba ya tambaye ni.

"Afrilu."

"An tura ka ka zama injiniya, ka dawo ba ka san kalanda ba."

Sai a lokacin na tuna. Wasannin neman kofin hoki ake yi. Daga ranar da ƙungiyar jiharmu ta shiga, aska ba ta taɓa fuskar 'yan wasa, ba ta kuma taɓa ta Baba, sai an fitar da ƙungiyar ko ta ɗauko kofi. Haka yake yi tun kafin a haife ni. Na daɗe cikin mutanen da ba su san wani wasa ba sai ƙwallon ƙafa, har na kawo wa ubana aska a tsakiyar kofi.

"Yi haƙuri, Baba."

"Aska ce mai kyau. Ajiye ta."

"Gaya masa sauran, Reino," in ji Kawu.

Baba ya shafa gemun. "Likita ta ce maganin yana zubar da gashi. Kai, gemu, har gira. Na ce ta bari a gama."

"In sun je wasan ƙarshe fa? Sai tsakiyar Yuni ke nan."

"In Allah ya so."

"Ta ce za ka iya jira har Yuni?"

"Ta ce abubuwa da yawa."

Washegari na kira asibitin. Suka ce sun riƙe masa gurbi ranar Litinin mai zuwa, likita kuma ba ta son a sake ɗagawa. Na zauna da Baba na yi masa bayani yadda aka koya mini, dalla-dalla. Ya saurara har na gama, sannan ya ce itacen sauna, ɗakinmu na wankan tururi, ya kusa ƙarewa, gatari na cikin gareji.

Kullum da rana Kawu Vern yakan zo shan gahawa, su ɗora gardamar da suka fara tun ranar auren iyayena.

"Wasan kwandon naku caca ne," Baba zai ce. "Yaro ya kwana da mura, hannunsa ya yi rawa sau ɗaya, shi ke nan an kore su gida suna kuka a talabijin. Me aka gwada a nan?"

"Shi ne daɗin, suruki. Ƙarami ya samu ranarsa."

"Rana ɗaya ko ni zan iya kayar da kai a tsere."

"Da wace gwiwa?"

"A hoki sai ka kayar da mutum sau huɗu cikin bakwai. Ka gan shi yau, ka gan shi jibi. Ya san inda ke maka ciwo, ka san nasa. In an gama ku jeru ku yi musabaha, da fasasshen baki da komai. Wanda ya ci a nan ya ci da gaskiya."

"Wanda ya rage da haƙori dai."

Ƙungiyarmu ba ta taimaka wa kowa ba. Ta sha kashi, ta rama, ta sake shan kashi. Kafin Asabar an kayar da ita sau uku. Saura ɗaya a fitar da ita. Ban faɗa wa kowa ba, amma na san abin da nake so.

Wasan na rana ne. Baba ya zauna a kujerarsa sanye da rigar ƙungiyar, wadda lambarta ta koɗe. Kawu a gefe yana mitar ba ya ko ganin faifan da ake bugawa. Ni ina kan dogon benci kusa da taga.

Abokan hamayya suka fara zura faifai a raga. Numfashi kawai na sauke, kafaɗuna suka saki. Da na juyo, Baba ba talabijin yake kallo ba, ni yake kallo.

Namu suka farke ana dab da tashi. Aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci ya gama. Wani yaronmu mai jan gemu ya kwaso faifan daga tsakiyar fili, ya wuce mutum biyu, ya saka shi ta ƙarƙashin hannun gola. Maƙwabta muka ji ihunsu ta bango. A ɗakinmu ba wanda ya tashi. Baba ya kashe talabijin.

"Na gan ka," ya ce mini.

"Na sani."

"A ɗakina, a kan bencin uwarka, kana roƙon a kayar da mu."

"E. In an sake bugawa ma haka zan roƙa."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya juya kofin gahawarsa a kan hannun kujera, ya daɗe yana juyawa.

"Ni na riƙa kai ta Duluth," ya ce. "Kai kana makaranta. Kowace safiya kafin ta farka nakan tsince gashinta daga kan matashi in zuba a murhu, don kada ta gani. Ta sani, ta ƙyale ni. Mu ma haka aka ce mana, irin wanda ake cin ƙarfinsa ne. Na san hanyar nan, Arne. Na san warin ɗakin."

Abin da na karanta babu wannan a ciki.

Kawu Vern ya ajiye kofinsa. Tun da na san shi ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

"Yayata ta shiga fili, Reino. An kayar da ita, amma ta buga. Kai kuwa ka cika mini kunne tun ina saurayi, wai ba a cewa an ci mutum sai an kayar da shi sau huɗu. Ko sau ɗaya ba a kayar da kai ba, ka rataye sanda ka ɓuya a bayan gemu. Yaran kwandon nan da kake rainawa, su ma sai sun buga suke kuka."

"Fita mini daga gida, Vern."

"Sai na shanye gahawata."

Ya shanye ta kuwa, a hankali, ya wanke kofin, ya ɗauki hularsa ya fita. Muka ji akori-kurar ta yi tari ta tashi.

Asabar ranar sauna ce a gidanmu, ko an yi mutuwa. Ɗakin yana ƙarshen fili kusa da tafki, kakana ya gina shi da gungumen itace kafin ya gina gidan kansa. Baba ya tashi ya cire rigar ƙungiyar, ya ninke ta a kan kujera. Na ɗebo itacen da na faskara na bi shi. Ƙanƙarar tafkin ta yi baƙi, ta ja baya daga gaɓa.

Ya hura wutar da kansa, bai bar ni ba. Muka zauna a kan dakalin waje muna jiran duwatsu su yi zafi. Hayaƙi ya miƙe sama. Kumburin da ke gefen wuyansa ya fito sosai yanzu da babu riga, gemun bai kai ya rufe shi ba.

"Me dokar ta ce?" ya tambaya, ba tare da ya dube ni ba.

"Wace doka?"

"Ta gemu. Ko ita ma ka manta?"

"Ba a aski sai an gama."

"Ba a aski," ya maimaita. "Ba ta ce komai ba a kan wanda ya zube da kansa."

Na ci gaba da kallon hayaƙin. Na san in na nuna murna zai fasa.

Ya miƙo hannu ya kama haɓata, ya juya ta dama da hagu kamar mai duba doki. Tun da na baro Jamus ban yi aski ba, hankalina bai kai nan ba.

"Wannan bai kai a kira shi gemu ba," ya ce. "Na dangin uwarka ka gado, su Vern duk haka suke. Amma ka bar shi. Dole gidan nan ya zama da ɗaya."

"To, Baba."

Ya tashi da ƙyar, ya ɗauki bokiti da ludayin katako. Na miƙe zan bi shi, ya ɗaga mini hannu.

"Yau ni kaɗai."

Ya shiga ya ja ƙofar, sakatar katako ta faɗa. Na ji ya watsa ruwa a kan duwatsu, suka yi tsuwa. Sannan muryarsa ta fito ta tsagar ƙofar.

"Litinin za ka kai ni Duluth. Ka zuba wa mota mai tun gobe. Askar nan kuma ta zauna cikin kubenta."