Kwamitin Littattafai Goma

Shekara ashirin da shida Baba Mai Ɗinki ya yi a ɗakin ƙasa na laburare, tsakanin tukunyar gam da allura da zare. Duk littafin da ya yage, hannunsa yake zuwa. Don haka da ya ji an kafa kwamitin furofesoshi su zaɓi littattafai goma da suka fi tasiri a tarihi, ban da na addini, sai ya ja tsaki ya ci gaba da ɗinkinsa.

Shi aka sa yana ɗauko musu littattafan. Kullum yana hawa bene da kaya niƙi-niƙi, su kuwa suna ƙarƙashin fanka, suna kurɓar shayi suna hura hanci. Wani dogo mai tabarau ya kafe sai an sa wani ƙaton littafin falsafa. Baba ya lura shafukansa a manne suke tun daga maɗaba'a, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Shugaban kwamitin kuma, ko kunya babu, ya cusa nasa littafin a lamba ta tara.

"Baba," in ji shugaban rannan, yana ƙyafta wa abokansa ido, "kai da ka tsufa cikin takarda, wanne ka zaɓa?"

Baba ya sauka, ya dawo da wani ɗan siririn littafi, bangonsa duk maiƙo. Littafi ne na koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro na gudawa.

"Ranka ya daɗe, sau goma sha ɗaya ina ɗinke wannan. 'Yata ta biyu, bayan ikon Allah, da shi ta rayu. Naku kuwa ko gara ba ta kula su ba."

Mai tabarau ya ɗaga littafin da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

"Wannan ai ƙasida ce. Ko jerin manazarta babu!"

Suka tuntsire da dariya, har da mai share hawaye. Baba ya karɓi abinsa ya juya. Aikin banza, ya ce a ransa, makaho da waiwaye.

Bayan mako uku rigima ta ɓarke a kan lamba ta tara. Mai tabarau ya kira shugaban ɗan son banza, shugaban ya jefe shi da kofin shayi. Aka rushe kwamitin, aka kafa wani don ya binciki na farko. Sabon kwamitin mutum goma sha biyu ne, sai aka ce Baba ya ƙaro kujeru.