Ranar da Hajiya Hawwa Ta Faɗi Asalinmu a Asibiti

Babanmu Gado ya shekara talatin yana sayar da riɗi a kasuwar Gadarif, amma bai taɓa yarda ya ce shi Bahaushe ne a gaban ma'aikacin gwamnati ba. Ya sha wuya kafin ya sami takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, shi ya sa duk wanda ya tambaye shi asali sai ya ce, "Shandi," wani garin Larabawan ƙasar. Na san dalilinsa, amma abin yana ƙona mini rai.

Ƙanwata Amira ta kamu da lupus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta ci mai ita. Cikin shekara biyu ƙodarta ta gaza, sai wankin ƙoda sau biyu a mako. Jinina ya zo daidai da nata, na ce zan ba ta ƙoda ɗaya. Muka nufi Khartum har da kakarmu Hajiya Hawwa, wadda ta rantse ba mai barin ta a gida kamar tsohuwar tabarma.

Dakta Iman ta tambayi asalinmu. Baba ya ce Shandi, ta rubuta. Akwai mai ciwon ƙoda a dangi? Ya ce babu.

Hajiya ta buga sandarta a ƙasa. "Gado, har a asibiti?" Ta juya wajen likita da Larabcinta mai ƙanshin Hausa. "Ya bitti, 'yata, goge wannan. Mu Hausawa ne. Kakana Mato da ƙafa ya taso daga Daura zai je hajji, damina ta tsayar da shi a nan."

Sai ta shiga jerin dangin nan da take yi duk ranar suna, wanda mu jikoki ke sulalewa saboda tsawonsa. Mato ya haifi Sharu da Fadimatu. Sharu kumburin ƙafa ya kai shi kabari, 'yarsa Zinariya ma haka. Uwarmu da ubanmu kuwa 'ya'yan wa da ƙani ne. Baba ya sunkuyar da kai.

Likita ta ajiye alƙalami. Ta ce kumburin nan na iya zama ciwon ƙoda, kuma akwai wani abu da ake gada a jini, ya fi yawa a mutanen yammacin Afirka. Wanda ya gaje shi ta wajen uwa da uba duka, ƙodarsa ba ta da juriya, kuma lupus ya fi saurin cinye ta. Ta dube ni. "Harisu, ba zan taɓa ka ba sai an gwada."

Aka tura jininmu ƙasar waje, muka yi makonni muna jira. Ni da Amira mun gaje shi ta ɓangare biyu. Da an cire mini ɗaya, wadda ta rage ba ta da tabbas. Baba kuwa ta ɓangare guda ya gada, kuma jininsa ya dace da nata.

Hajiya ta ce da ni, "To, ɗan nema, gobe ma ka gudu in na fara."

Ranar da za a kwantar da Baba don ya ba Amira ƙodarsa, wani ma'aikacin asibitin ya ɗauko sabuwar takarda ya tambaye shi asali. Ɗakin cike yake da mutane. Baba ya gyara zaman rawaninsa, ya dubi Amira a kan keken marasa lafiya.

"Bahaushe," in ji shi. "Gado, jinin Mato na Daura. Rubuta da kyau, 'yata za ta buƙace shi."

Ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.