Ɓawon Burodi

Mama na cikin kwance ɗaurin kular da ta zo da ita, malamar abinci ta ɗora hannu a kan murfin a hankali, ta ce yau ma kular nan a bakin ƙofa za ta jira. Mama ta saki, ba don ranta ya so ba. Tun da aka kwantar da Auta a ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa, kullum sai ta yi girki ta ɗauko, kullum kuma masu gadi ke morewa. Har sun fara gaishe ta tun daga nesa.

Ciwon Auta ya shigo ne a ɓoye. Ta fara da rage loma, sai ta koma cewa ta ci a makaranta, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin jarrabawa. Mama ta zaci ciwon ciki ne. Da likita ya ce cikin lafiya lau, tsoro ne ya shiga tsakanin yarinyar da abinci, sai ta ji kamar an zage ta. A gidanta, inda ko almakashi aka zo aro sai an ci wani abu kafin a fita? Aka raba aiki: likita na fama da tsoron, malamar abinci na fama da faranti. Mama a bayan idonta likitar cokali take kiran ta.

Yau ne za a bar ta ta zauna cin abinci da 'yarta. In Auta ta cinye, za a ba su ita ta kwana a gida ƙarshen mako. In kuwa aka ci gaba da dawo da faranti da saura, robar nan ta ɗura abinci ta hanci za a mayar mata, wadda Mama ta gani sau ɗaya ta fita baranda ta yi kuka. Kuma ta san bakinta ne abin tsoro. Wancan zuwan, da ta ga kumatun Auta sun ɗan taso, farin ciki ya kwashe ta ta ce, masha Allah, an fara cikowa. Yarinyar ta yi kwanaki ba ta yarda da cokali ba.

Malamar ta maimaita mata sharuɗɗan a tsaye: kada ta ce ci, kada ta kafa wa farantin ido, kada ta yi zancen jiki, kuma duk abin da aka zuba wa Auta na Auta ne, ba ya komawa farantin kowa.

"To ni me zan ce mata, Malama? Ni duk hirar da na iya da 'ya'yana da cokali nake yin ta."

"Ke da kika ce bakinki ba ya hutawa a shagon ɗinki? Ki ba ta labarin da. Sauran ki bar min."

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya da leda mai zanen furanni, fanka na juyawa a kasalance. Auta na zaune cikin rigar sanyi duk da zafin da ake yi, hannayenta a ɓoye cikin hannun rigar. Faranti uku ne a teburin, kowanne da burodi da dafaffen ƙwai da kofin madara, domin malamar ba ta tsayawa a kan mara lafiya kamar mai gadin jarrabawa. Zama take yi ta ci nata, ko da ta riga ta ci da wasu a ɗakin gaba.

Mama ta rasa inda za ta ajiye idonta, sai ta ajiye shi a kan taga, ta kama labarin gidan hayarsu na da. Ɗaki ɗaya ne, keken ɗinki a kusurwa, ruwan sama na ɗiga daidai kan tabarma. Marigayi Baba kan dawo daga tuƙi da burodi mai zafi a hammata, ya matse shi har ya lotsa. Ta tuna ranar da ya sa wuƙa ya yanka ya tarar da rami a ciki, ashe Auta ta zura hannu ta kwashe tsakiyar kaf, ta mayar da murfin ta zauna tana kallon sama. Baba ya yi ta rantsuwa wai ɓeran gidan nan ya iya tarbiyya, tunda yana rufe ƙofa in ya gama. Tana faɗa tana jin ƙamshin ɗakin nan, na man keke da shayi da jiƙaƙƙiyar tabarma, kewa ta cika mata ƙirji. Ba su da komai a lokacin, amma ba ta taɓa roƙon kowa ya ci abinci ba.

Ta ji wata 'yar dariya ta hanci, sannan ƙarar cokali a jikin kofi. Ba ta juya ba.

Can sai ga ɗan yatsa ya turo wani abu gefen farantinta. Ɓawon burodi ne, an ɓare shi zagaye, an turo da ƙaramin yatsa, daidai yadda Auta ke yi tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Shekara da shekaru haka suke: 'ya ta ci laushin, uwa ta ci ɓawon. Zuciyar Mama ta narke, ta ce a ranta ga 'yarta ta dawo, hannunta har ya miƙa. Sai ta lura da kaurin ɓawon, rabin burodin ya biyo shi. Yatsan dai na Auta ne, amma ba ita kaɗai ta turo ba, har da ciwon.

Ta saci kallon malamar. Baiwar Allahn nan tana ta taunarta, idonta a kan kofinta.

Mama ta sa yatsa ta mayar da ɓawon inda ya fito.

"Mama, ai ke kike ci kullum."

"Na ci nawa, Auta. Wannan naki ne."

Hawaye ya ziraro wa Auta, ta kalli uwarta irin kallon da ake yi wa wanda ya ci amana, Mama ta ji kamar ta wawuri ɓawon ta haɗiye a huta. A nan ne malamar ta tambaya, kamar ba abin da ke faruwa, ko tsohon keken ɗinkin nan yana aiki har yanzu. Mama ta kama zancen da hannu biyu. Ta yi bayanin igiyarsa da ke tsinkewa, da makanikin da ya ce a jefar da shi, idonta na kan taga. An daɗe kafin ta ji taunar, a hankali, ƙurus-ƙurus.

"Ashe tauri gare shi haka," in ji Auta, tana share hanci. "Kuma kike cewa kin fi son sa?"

"Ni? Ban taɓa son sa ba."

Auta ta tsaya da tauna ta dube ta, sannan ta ɗauki gutsuren da ya rage.

A bakin ƙofa malamar ba ta yi mata wani dogon yabo ba. Ta ce tafiyar da sauran nisa, za a yi ta faɗuwa ana tashi, amma ta je ta shanya katifar Auta. Mama ta miƙa wa masu gadi kularsu ta fita titi. A tashar mota ta sayi burodi guda don ƙarshen mako, ta rungume shi a cinya. Motar ba ta yi nisa ba ta tsinci kanta tana ɓantarar gefensa tana kaiwa baki.